Ranar da Na Kai Jaki Taron Masu Hannun Jari

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, amma ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na wakilci ƙanena Illa a taron masu hannun jari. Har yau in na ga buhun gishiri sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni mutumin Takanamat ne, amma na daɗe a Tahoua ina sayar da harawa da dusa a gefen kasuwa. Ina da jaki ɗaya da amalanke, da su nake kai wa masu kiwo kaya har gida. Da yamma ina zuwa ajin karatun manya, kuma alhamdu lillahi, yanzu ina haɗa baƙaƙe in karanta, sai dai a hankali, kamar mai tsallake kwari da kaya a ka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai bin sawu ne. In raƙumi ya ɓace, daga nesa ake zuwa a ɗauke shi. Yana duban yashi zai ce taguwa ce, tana ɗingishi da ƙafar baya, kuma wanda ya ja ta gajere ne. Na bi shi daji tun ina ƙarami, na tsinci abin da na tsinta. (Ku riƙe wannan, don shi ne ya kai ni ya baro.)

Illa kuwa, kamar yawancin samarinmu na Adar, cin rani ya tafi Abijan, ranin bai ƙare ba har yau. Yana da shago can. Shi ya aiko mini da tsohuwar wayarsa, irin mai shafawa, ya ce ya bar wani abu a kunne cikinta saboda ɓarayi. Na ce to. Ban tambaya ba. Ni mutum ne mai haƙuri, in ban gane abu ba nakan bar shi, ina sa ran wata rana zai gane kansa.

Wata safiya ina ɗaure harawa ya kira ni.

"Yaya, albishirinka!"

"Goro. Matarka ta sauka?"

"A'a, kamfaninmu ya ci kwangila. Babba! Gwamnatin wata ƙasa ta bakin teku ta ba shi aikin bin sawun dukkan jiragenta na kamun kihi."

"Illa, yaushe ka yi kamfani ban sani ba?"

Ya yi dariya, ya ce ba nasa ba ne. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne can bakin ruwa, su kuma ƴan gida ne suka haɗu, wasu a Abijan wasu a nan Tahoua, suka sayi hannun jari a ciki da sunan ƙungiyarsu. Na ce mene ne hannun jari? Na ji yana neman yadda zai sauko da maganar daidai tsayina.

"Kamar watanda ne, yaya. Kowa ya sa nashi, an sayi abu guda, kowa da kasonshi."

To, watanda na sani. Duk jajiberin salla muna yi a unguwa: a haɗu a sayi sa, a yanka, a kasa nama a kan tabarma, kowa ya zo da kwanonsa ya kwashi rabonsa. Wanda ya zo ba kwano, shi ya sani. Nan take na ji zuciyata ta kwanta. Na ce ashe abin ba wuya.

Sai ya zo kan buƙatarsa. Ranar Lahadi bayan la'asar za a yi taro gidan Mushe Assumana, wani tsohon malamin makaranta da ke riƙe da ƙungiyar. Tunda labarin kwangila ya fito, kason nasu ya yi daraja, wasu suna son a sayar yanzu, wasu suna son a riƙe. Dokarsu kuma ita ce ba a ƙirga muryar waya, sai wanda ya zo ya zauna, ko wakilinsa. Kuma ɓangarorin sun yi kusan kunnen doki.

"Abu guda nika so gare ka, yaya. In an ce a ɗaga hannu, kai kana cikin masu cewa kada a saida. Guminna na shekaru yana ciki. Kada a saida. Ka riƙe?"

"Na riƙe."

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma da na koma gida na ba maiɗakina Hajo labari, kuma na ba ta shi yadda na gane shi: Illa da abokansa sun yi watanda, abin ya shafi jiragen kamun kifi, an ci nasara, ranar Lahadi ana taro, ni ne wakili.

Hajo ta ajiye muciya. "Malam, kihin teku za a raba ke nan?"

Na ce ban ji ya ce haka ba.

"To mi za a raba? Jirgin? Watanda ce, kihi ne, kai ne wakili. In ka tahi hannu biyu, cikin hula za ka zubo shi?"

Na ce ina teku, ina Tahoua? Ta ce motocin ƙanƙara da ke kawo kifi gari fa, daga sama suke faɗowa? Na duba maganar ta kowane gefe ban ga inda ta yage ba. Sai na fahimci ma abin da ake gardama a kai: wasu na son a sayar da kifin a raba kuɗi, Illa kuma yana son a kawo wa iyali su ci. Har na ji ƙwalla ta taru mini. Na ce yaron nan bai manta gida ba.

(Za ku ce me ya hana ni kiransa in tambaya. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar sau da yawa. Gaskiya ita ce na riga na ce masa na gane, kuma ni ne babba.)

Kafin Lahadi, Hajo ta bi maƙwabta ta aro manyan robobi da kwanonin wanki. Kowace ta ba da aro ta san dalili, kuma kowace ta san za a dawo mata da kwanonta da ɗan abu a ciki. Hajo ta ce kifi ba ya jira, sai da gishiri. Don haka ranar taron na fita tun bayan azahar, na ɗaura jaki, na loda robobi, na biya kasuwa na sayi gishiri buhu guda, na doshi unguwar su Mushe. Kwanoni suna ta kaɗe-kaɗe a baya kamar ana rakiyar amarya.

Ina karyo kwanar layin sai na ja linzami. Ƙofar gidan motoci ne da babura a jere. Mutane suna shiga, wasu da shadda, wasu da riga da wando irin na ma'aikata, kowa waya ce kawai a hannunsa. Na duba da kyau. Ko mai ɗan kwanon sha babu. Na ce wa kaina, wataƙila manyan mutane ne, daga baya za su aiko a ɗaukar musu. Ko kuma motar kifin ta bayan gida take tsayawa. Bari in zagaya in gani.

Na zagaya. Bayan gida ba komai sai bango da wata akuya. Na dawo ta gaba, na ga wani Alhaji yana fitowa daga mota yana gyara hula, sai na kau da kai na wuce kamar hanya ce ta biyo da ni. Na sake zagayawa. Na sake. Ban ƙirga ba, amma har wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a kwanar ta daina amsa gaisuwata, ta koma bina da ido kawai. Jakin ma ya gane hanya, ya riƙa karya kwana da kansa.

Da aka kira la'asar na tsaya wani ɗan masallaci a layin baya na yi salla, na roƙi Allah ya ba ni basira. Basirar da ta zo mini ita ce in ɗaure jaki a gindin bishiyar da ke bayan masallacin, in shiga taro da ƙafa, in ga yadda ake ciki. In kifi ya fito, ga amalanke kusa. In bai fito ba, ba wanda ya san na zo da komai. Har na yaba wa kaina.

Na iske an fara. Falo ne babba, an shimfiɗa tabarmi, shayi yana zagayawa, ga babbar tele, wato talabijin, a bango. Mushe Assumana, dogo mai furfura da tabarau, ya tashi ya tarbe ni.

"Wan Illa ne ko? Bisimilla, Malam. Mun ɗan jira ka. Lahiya dai?"

"Lahiya lau, Mushe. Daga Bambeye nike, na je gaisuwa. Saukata ke nan, ko gida ban biya ba."

Ban san inda Bambeye ta fito ba. Ban shirya ta ba. Bakina ne kawai ya ga rami ya cike shi da abin da ya samu. Aka yi mini sannu da hanya, har wani ya matsa ya ba ni wuri kusa da fanka saboda gajiyar tafiya.

Na zauna, na buɗe hanci a hankali. Ƙamshin shayi, ƙamshin turare. Ƙarnin kifi ko kaɗan babu.

Wanda na gani yana gyara hula a waje shi ke magana, Alhaji Bube, ɗan kasuwa mai murya kamar ganga.

"Ni dai na hwaɗa maku, a saida! Yanzu da kowa ke ɗoki. Gwamnati ce hwa. Sanarwa daban, biya daban. Bara ma ba haka sunka ce ba, cewa ana gab da sa hannu? Munka jira har munka gaji."

"To, Alhaji, wannan karon an sa hannun," in ji Mushe. "Kuma ba akwatunan ne abin dubawa ba. Akwati sau ɗaya ake saida shi. Amma kowane jirgi da aka liƙa wa, duk wata sai an biya kuɗin kallonsa. Nan ribar take."

(Akwatuna. Na ce to, a akwati kifin yake zuwa. Amma kallo fa? Wa ke biya don ya kalli kifi?)

Wata mata da ke zaune kusa da tele da ƙaramar kwamfuta a cinya ta ɗaga hannu. Madam Ramatu ce, ma'aikaciyar asibiti da aka turo daga Damagaram. Ta ce ita abin da ke damunta shi ne ƙasar da ta ba da kwangilar rance take jira kafin ta fara biya, kuma kamfanin ƙarami ne, in aiki ya fi ƙarfinsa zai nemi sababbin masu zuba jari, kason kowa ya sirance. Wani ya ce ai in ƙasa ɗaya ta shiga, maƙwabtanta za su biyo. Wani ya ce haka aka ce masa a kan wani kamfanin siminti, ga shi har yau yana jiran maƙwabta. Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a bar ni baya.

Ina zaune ina gyaɗa kai, duk wanda ya yi magana in gyaɗa masa. Kaina kuwa kamar kasuwa ta watse. Har zuwa lokacin ban ji wanda ya ambaci ranar da mota za ta iso ba.

Sai Madam ta ce bari ta nuna mana aikin da idonmu. Ta taɓa kwamfuta, tele ta cika da shuɗi, ga wasu ƴan ɗige-ɗige kamar an watsa gero a kan zane. Ta ce wannan teku ce, kowane ɗigo jirgi ne, kamfanin yana bin sawunsu duk inda suka shiga.

Nan ne jinin mahaifina ya motsa. Duk abin da aka faɗa tun zuwana ban gane ba, amma bin sawu gidanmu ne. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne tafkin Tabalak, kuma na tsaya bakinsa na ga kwalekwale ya wuce, ruwa ya rufe bayansa kamar ba a taɓa bi ba. Sai komai ya haɗu a kaina lokaci ɗaya: ba kifi, ba mota, ba akwati, sai ɗige-ɗige a tele. An cuci ƙanena. An cuci duk mutanen nan masu tabarau, kuma ni kaɗai Allah ya nuna wa.

Na yi gyaran murya na miƙe tsaye. (Ba wanda ya miƙe kafin ya yi magana a taron nan. Ni kaɗai.)

"Jama'a, ku yi mani haƙuri, ni ba mai ilimi ba ne. Amma ubana mai bin sawu ne, duk arewacin Adar an san shi. Sawu a yashi ake bin shi. A laka ana bi. A kan dutse ma, in mutum ya ƙware, yana ganin inda tsakuwa ta juya. Amma ruwa? Ruwa ba ya riƙe sawu. Duk wanda ya ce maku yana bin sawu a kan ruwa, wallahi ku bincike shi."

Alhaji Bube ya buga cinya.

"Kun ji! Kun ji ɗan gado! Allah shi yi maka albarka, Malam. Wakilin Illa ne hwa da kanshi!"

Na ga wasu dattawa biyu da tun ɗazu ba su ce komai ba suna duban juna suna gyaɗa kai. Ɗaya ya ce shi ma dama abin bai taɓa kwanta masa ba. Daɗi ya kama ni. Ban lura ba cewa ƙanena ya aiko ni in riƙe masa ƙofa, ni kuma ga ni ina cire ta daga bango.

Madam Ramatu ta ce, cikin ladabi, "Baba, ba a ruwan ake duba sawun ba. Akwatin da ke cikin jirgin ne yake faɗa wa tauraron ɗan Adam inda yake, shi kuma ya faɗo mana."

"Ɗiyata, tauraro yana sama, jirgi yana ƙasa. Ni nan da kike gani, a kan kwalta na zo, kuma kwalta ma ba ta riƙe sawu. In abin gaskiya ne, tauraron ya hwaɗi ta inda na biyo!"

Na faɗi haka ina duban jama'a, ina jiran a ce na kashe magana. Madam ta dubi aljihun rigata inda kan waya ya leƙo.

"Wannan ba tsohuwar wayar Illa ba ce? In bai kashe abin da ya kunna mata ba, za ta iya faɗa. Ka yarda in duba a gaban mutane?"

"Duba! Sa ta a tele ma kowa ya gani."

Da hannuna na miƙa mata. Da bakina na ce a sa a tele. Ina so a rubuta wannan, don kada wani ya ce zaluntata aka yi.

Ta ɗan taɓa nan, ta taɓa can, ta haɗa wata igiya. Shuɗin teku ya ɓace, taswirar gari ta fito, da wani layi shuɗi kwance a kanta kamar zare. Ta sa yatsa a farkonsa.

"Nan ne gidanka, Baba?"

Na ce eh, da ƙaramar murya.

"Ka fito bayan azahar. Ka tsaya nan, cikin kasuwa, wajen layin masu gishiri, ka ɗan jima. Sannan ka biyo nan, ka shigo unguwar nan." Ta matso da fuskarta kusa da kwamfuta. "Mushe, wannan ba gidanka ba ne?"

Gidan Mushe ne. Zaren ya naɗe shi, ya sake naɗe shi, ya sake, har layin ya yi kauri kamar inda akuyar da aka ɗaure ta kewaye turke ta cinye ciyawa. Daga nan ya ɗan fita zuwa layin baya, ya tsaya, ya dawo ya shige falon da muke zaune.

Wani daga baya ya ce, "To ina Bambeye?"

Madam, Allah ya saka mata, ba ta amsa ba. Amma ta rage girman taswirar don ta rufe, sai garuruwan kewaye suka bayyana. Ni kuma, da wannan karatu nawa da nake alfahari da shi, idona ya faɗa kan wani suna can gefe, na haɗa baƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban san lokacin da na furta shi a fili ba: "Bam... be... ye." Ga ta can ita kaɗai, zaren ko kallonta bai yi ba.

Wanda ya ba ni wuri kusa da fanka ya juyo ya dube ni.

Ba a fara dariya nan take ba. Mutanen kirki ne, sun yi ƙoƙari. Mushe ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Bube ya ce, "Malam, mi kake nema bayan gidan mutane?" Na buɗe baki, ban san abin da zai fito ba, ina tsoron kada wata Bambeye ta sake fitowa.

Sai aka yi sallama a ƙofa, tare da wani ƙara da na sani sarai: kwanoni suna kaɗuwa. Ladanin ɗan masallacin nan ne, riƙe da igiyar jakina, amalanke a baya, robobi a jere, buhun gishiri a tsakiya. Ta tagar falo kowa yana gani.

"Mai jakin ga yana nan? Ya kwance, yana cin shukar liman. Na ga wanda ya ɗaure shi ya yi salla da mu, sai na biyo sawun takalminshi har ƙohwar nan."

A yini ɗaya an bi sawuna ta sama, an bi ta ƙasa. Ni, ɗan mai bin sawu.

Mushe ya ce, "Malam, robobin fa?"

Ba sauran abin ɓoyewa. Na ce, "Na kihi ne. Illa ya ce watanda ce."

Nan falo ya fashe. Alhaji Bube ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Gishirin hwa? A'a, ku bar ni, har da gishiri!" Ɗaya daga dattawan nan ya fita waje yana tari. Madam ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa ina tsaye, don tun da na miƙe ban samu dalilin zama ba.

Da aka lafa, Mushe ya kama hannuna ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi da kansa. Ya bayyana mini a hankali cewa kamfanin ba ya kama kifi, ba ya sayar da kifi, ko jirgi ɗaya ba shi da shi. Kallo kawai yake sayarwa, irin wanda aka yi mini yanzu. Kuma yau ba a raba komai, ko kuɗi. Na ce to me aka ci da aka ce an ci? Ya ce alkawarin aiki. Na ce to. (Har yau wannan wurin bai gama zauna mini ba, amma na bar shi.)

Sai aka zo ɗaga hannu, nan ne hankalina ya dawo jikina. Na tuna muryar Illa, na tuna gumin shekarunsa, na tuna cewa da bakina na tura dattawa biyu ɓangaren Alhaji. In aka sayar, da wane ido zan dube shi? Na ce Mushe ya ba ni izinin kalma ɗaya, a zaune wannan karon.

"Jama'a, maganar da na yi ɗazu na janye ta. Abin ga yana gani. Ni shaida ne."

Dattijon da ya fita tari ya ce, "Ai mun gani, Malam. Abin da ya kama ka, jirgi ba ya tsere mashi."

Alhaji Bube ya ce shi dariya daban, kasuwa daban, har yanzu bai ga wanda ya ba shi tabbacin gwamnatin nan za ta biya ba, ya ɗaga hannu a sayar, mutanensa suka bi shi. Da Mushe ya ce masu cewa a riƙe, na ɗaga nawa har kafaɗa ta yi ƙara. Dattawan biyu suka ɗaga. Aka duba, ɓangaren riƙewa ya rinjaya da ƙyar. Saƙon Illa ya isa, ko da yake ba ta hanyar da ya aiko shi ba.

Saura gida. Na iso gab da magariba, na hango Hajo a ƙofa da maƙwabta mata, an yanka albasa, an daka yaji, har an hura wuta. Robobi suna ta ƙara a bayana, kuma duk mai hankali ya san kwano mai kaya ba ya irin wannan ƙara. Hajo ta leƙa amalanke, ta dube ni.

"Malam, sun saida ke nan?"

"Ba a saida ba. Mu munka ci."

"To ina abin da kunka ci?"

Na ce mu shiga ciki. Kwanon aro kuma ba a mayar da shi wayam, don haka washegari kowace maƙwabciya ta karɓi nata da gishiri a ciki. Sun yi godiya. Ɗaya ta ce Allah ya kawo kifin da za a sa masa.

Illa ya kira a daren, ashe labari ya riga ni isa Abijan. Ya yi ta ƙoƙarin yi mini godiya, dariya tana katse shi. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, ai cewa na yi kamar watanda." Na ce to me ya sa ba ka gaya mini inda kamar ɗin ta ƙare ba?

Kason nasu yana nan. Wani watan in ji ya hau, wani watan in ji ya sauka, ban san wa ke hawa da shi ba. Mushe ya ce in riƙa zuwa taro, kuma ina zuwa, da ƙafa. Alhaji Bube ba ya kirana da komai sai Sarkin Ruwan Bambeye.

Abin da na koya shi ne, in an ce maka abu kamar wani abu ne, ka tsaya ka tambayi ta ina suka rabu kafin ka ɗaura jaki. In kuma bakinka ya nace sai ya je Bambeye ba tare da kai ba, to ka bar wayar a gida.